Daga Fim Zuwa Siyasa: Iyan-Tama Da Kujerar Gwamnan Kano

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, ina so mu waiwayi wani al'amari da ya faru a Kano wanda yawancin yaran da ke kallon fim a waya yanzu ba su san da shi ba, alhali kuwa ba wani daɗewa ya yi ba.

Ranar Asabar 14 ga Afrilu, 2007, ina tsaye a layin mata a garinmu Kahu, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, da goyo a bayana, muna jiran a fara jefa ƙuri'ar gwamna. Hira ta yi hira, sai wata daga cikinmu ta ce ai har Iyan-Tama na fim ma yana takara. Layin nan kaf aka kwashe da dariya. Wata dattijuwa ta ce, to in ya ci sai a ba Ibro mataimaki ke nan? Aka ƙara shewa. Ni ma na dara, kuma da aka miƙo mini takardata ban dangwala masa ba. Abin da ya sa wannan rana take yawan dawo mini shi ne, duk matan da ke layin nan da wuya a sami wadda ba ta taɓa zama gaban bidiyo ta kalli fim ɗin Hausa har ta zubar da hawaye ba. Mu ne kasuwar. Da rarar kuɗin cefanenmu da na adashinmu ake hayar kaset, a haɗa kuɗi a zuba wa janareto mai, a cika tsakar gida. Amma ranar da ɗaya daga cikin masu yi mana fim ɗin ya zo neman ƙuri'armu, dariya muka ba shi.

Alhaji Hamisu Lamido Iyan-Tama yana cikin 'yan farko-farko a harkar finafinan Hausa na bidiyo. Harkar dai ta soma ne a 1990 da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa, sannan littattafanmu suka shiga ciki: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Shi ya sa nake cewa marubuci da ɗan fim a Kano ɗanjuma ne da ɗanjummai, kasuwa ɗaya suka ci a Bata da Ƙofar Wambai, kuma duk ruwan da ya daki ɗaya sai ya fallatsa wa ɗayan. A cikin wannan zamani ne Iyan-Tama ya kafa kamfaninsa, Iyan-Tama Multimedia. Yana fitowa a fim, yana shiryawa, sannan yana da situdiyon kiɗa wanda a ƙarshen shekarun 1990 ya zama matattarar mawaƙan fim. Wannan fiyano ta Yamaha da ta maye gurbin kalangu da sarewa a waƙoƙin fim, wadda duk wanda ya rayu a zamanin Sangaya (1999) da Wasila (2000) yake jin ƙararta a kunnensa har gobe, situdiyon Iyan-Tama yana cikin wuraren da ta fara samun gindin zama. A 1999 ɗin ne kuma Sunusi Shehu Daneji ya laƙaba wa harkar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa.

To, mutumin da ya tsaya takara a 2007 ba yaro ba ne da fuskarsa ta fito a fosta jiya. Ɗan kasuwa ne mai ma'aikata, magidanci, kuma a iya abin da na kalla nasa finafinan ba sa cikin waɗanda maigida ke shigowa ya kashe bidiyo saboda su. Ya tsaya ne a wata ƙaramar jam'iyya, a lokacin da kowa ya san karon na giwaye biyu ne: Gwamna Malam Ibrahim Shekarau na ANPP mai neman zagaye na biyu, da Ahmed Garba Bichi na PDP. Shekarau ya ci, ya zama gwamnan Kano na farko da ya yi tazarce. Iyan-Tama bai ko kusanci wurin da ake ƙurar ba.

Wani zai ce ai daman Bahaushe bai taɓa yarda da ɗan wasa a kan mulki ba. Wannan magana ba ta cika ba. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna har ya zama malamin makaranta a Bauci, yana rubuta gajerun wasannin kwaikwayo yana sa ɗalibai suna yi, inda yake zungurar zaluncin masu sarauta da ma'aikatan En'e ta hanyar ban dariya. Abin da ba ya faɗuwa a gaban hakimi, sai a sa shi a bakin wani a dandali. Bayan an kafa NEPU a 1950 ya bar koyarwa ya rungumi siyasa, kuma salon nan na wasa bai bar bakinsa ba a wajen lacca har ya rasu a 1983. Sai kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda da ƙuruciyarsa gwanin wasan kwaikwayo ne na gaske, har aka yi ƙungiyar wasa mai sunansa a Kano. An zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1954, ya riƙe ministan ma'adinai da lantarki daga 1959 zuwa juyin mulkin 1966, ya nemi takarar shugaban ƙasa a NPN Shehu Shagari ya kayar da shi, sannan daga baya ya tafi Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin jakadan Nijeriya. Duk wanda ya taɓa jin Ɗanmasani yana jawabi, yadda yake sassauta murya ya ɗaga ta, ya yi shiru daidai inda ya kamata, ya san horon dandali ne.

Sai dai su biyun nan malaman makaranta ne kafin komai, kuma da rigar malanta jama'a suka karɓe su. Wasan nasu na makaranta ne, na wayar da kai, ba a sayar da shi, ba mace a ciki tana rawa. Ba wanda ya taɓa kiran su 'yan wasa a matsayin sana'a. Shi kuwa ɗan fim na zamanin bidiyo ya gaji wani tabo da ba shi ya yi shi ba, tabon gidan silima. Tun zamanin Plaza da Orion da El Dorado, a idon dattawan Kano silima wurin 'yan iska ne, ɗan mutunci ba ya zuwa, mace kuwa ko a mafarki. Da bidiyo ya zo sai fim ya tsallake katanga ya shigo har ɗakin matan aure, amma sunan da aka ba masu yin sa bai canza ba. Muna son su a talabijin, ba ma son su a zaure suna neman auren 'ya'yanmu. Wanda ba za ka ba 'yarka ba kuwa, ina za ka ba shi jiha?

A nan ne nake ganin 'yan fim ɗinmu suka yi kuskuren lissafi, domin sun kalli Indiya kamar yadda suka saba kallon ta a komai. Gaskiya ne a can jarumi yana zama shugaba. Amitabh Bachchan, wanda mu Amita muke ce masa, ya ci kujerar majalisar tarayya a Allahabad a 1984 da gagarumin rinjaye, amma a jam'iyyar abokinsa Rajiv Gandhi mai mulki ya tsaya, makonni kaɗan bayan kashe Indira Gandhi, lokacin da tausayi ya kwashi ƙasar baki ɗaya. Duk da haka bai kai ƙarshen wa'adinsa ba, ya ajiye a 1987. M.G. Ramachandran ya mulki jihar Tamil Nadu daga 1977 har ya mutu a 1987, amma shi ya shafe kusan shekara ashirin a cikin jam'iyyar DMK, finafinansa su ne kamfe ɗin jam'iyyar, kuma da ya ɓalle ya kafa tasa a 1972 ƙungiyoyin masoyansa da ke kowane ƙauye su suka rikiɗe suka zama rassan jam'iyya. Wato ba farin jini kaɗai ya kai shi ba, yana da mutane a kowace akwati.

Wanda ya fi kama da namu shi ne Mithun Chakraborty, mutumin Bengal, jarumin Disco Dancer (1982), fim ɗin da samarin Kano na wancan lokaci suka haddace rawarsa. Duk da sunan da ya yi daga Kalkata har Rasha har Sabon Gari, bai shiga majalisa ta hanyar layin talakawa ba. A 2014 jam'iyyar Mamata Banerjee ce ta tura shi majalisar dattawan Indiya, wadda 'yan majalisun jihohi ne ke zaɓen membobinta. Ya sauka a ƙarshen 2016, a 2021 kuma ya koma jam'iyyar BJP ta Narendra Modi, inda babban aikinsa ya zama hawa dandamali yana tara wa 'yan takara jama'a. Ku riƙe wannan, domin hanyar da 'yan fim ɗin Kano suka bi ke nan daga baya.

Mu koma kan Iyan-Tama. Da a ce faɗuwa zaɓe ce ƙarshen labarin, da ban ɓata muku lokaci ba. Abin da ya biyo baya shi ne tarihin.

Tun a ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha. Shekaru shida ana zaman doya da manja, amma ana zaune. A watan Mayun 2007, wata guda bayan zaɓe, hukumar A Daidaita Sahu ta shirya taron ƙona littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, gwamna da kansa ya halarta. A watan Agusta kuma sai wani bidiyon sirri na wata jaruma ya ɓulla a wayoyin mutane. Ba fim ba ne, ba a wurin ɗaukar fim aka yi shi ba, wanda ke tare da ita ma ba ɗan fim ba ne, amma gari ya ɗauki zafi, masallatai da gidajen rediyo suka yi caa a kan sana'ar gaba ɗaya. Gwamnati ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga shugabancin Hisbah, ya riƙe hukumar tacewa. Aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wata shida, aka fito da sababbin sharuɗɗa: kowa ya yi rajista, a kawo labari a duba kafin a ɗauka, a bar rawa. Aka kuma ajiye kotun tafi-da-gidanka mai hukunta masu saɓawa nan take.

Adam A. Zango ne ya fara ɗanɗanawa a watan Satumban 2007, ɗaurin wata uku saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ce marubuta ma kowa ya zo ya yi rajista ya kawo littafinsa a tace, sai da ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano ta kai ruwa rana kafin a sasanta. A watan Oktoban 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Allah Ya jiƙan Ibro, mutumin Ɗanlasan, tsohon gandiroba ne, sai ga shi ya koma gidan yari ta ɗaya ƙofar. A 2009 kuma aka kama Aminu Ala, wanda marubucin littattafai ne kafin ya zama mawaƙi, saboda waƙar Hasbunallahu. 'Yan fim da yawa suka tattara kyamarorinsu suka koma Kaduna da Jos da Abuja.

Iyan-Tama bai yi shiru ba, yana cikin masu fitowa fili suna sukar yadda ake tafiyar da hukumar. A wannan tsakanin ne ya yi fim ɗin Tsintsiya, da tallafin Ofishin Jakadancin Amurka. An ɗauko ƙashin labarin ne daga West Side Story, tsohon fim ɗin Amurka na 1961 a kan saurayi da budurwa daga ɓangarori biyu masu gaba, aka mayar da shi kan rikicin ƙabilanci da na addini irin namu, ana kira a zauna lafiya. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Zuma a Abuja a 2008. A watan Mayun shekarar, dawowarsa ke nan daga bikin, aka kama shi a Kano. Tuhuma biyu ce: wai kamfaninsa ba shi da rajista da hukumar, kuma wai ya saki Tsintsiya a Kano ba tare da an tace ba. Shi kuma ya tsaya a kan cewa yana da takardar shaidar biyan rajistarsa, hukumar tace finafinai ta tarayya ta duba fim ɗin, kuma ya sanar tun farko cewa ba na sayarwa ba ne a Kano.

Aka yi ta jan shari'a har ranar 30 ga Disamba, 2008, inda kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata uku da tarar naira 300,000. Mutumin da fostarsa ke manne a bango yana neman gidan gwamnati a Afrilun 2007, sai ga shi ya shiga sabuwar shekarar 2009 a gidan yari. Lauyoyinsa suka ɗaukaka ƙara. Abin mamaki, Babban Lauyan Gwamnatin jihar na lokacin, Barista Aliyu Umar, da kansa ya yarda cewa an yi kuskure a yadda aka gudanar da shari'ar. A watan Maris na 2009 babbar kotu ta rushe hukuncin, ta ce a sake shari'a, aka ba da belinsa. Lokacin kuwa ya riga ya cinye mafi yawan wata ukun a ciki.

Shin takararsa ce ta jawo masa? Mutane da yawa a harkar fim haka suka ɗauka, hukumar kuwa ta ce doka kawai ta bi. Ni a nawa ganin, mutumin da bai sami ƙuri'ar kirki ba ba barazana ba ne ga kujerar kowa, don haka ba na zaton ramuwar zaɓe ce tsagwaronta. Abin da takarar ta yi masa shi ne ta tsirar da kansa sama da na kowa, ta mayar da shi ɗan fim mai baki, sannan ba ta ba shi abin da takara ke ba ɗan siyasa na gaske ba, wato jama'ar da za su cika harabar kotu da uban gidan da zai ɗaga waya. Da ɗan takarar babbar jam'iyya aka taɓa, da garin bai kwana lafiya ba. Shi kuwa wa zai fito dominsa? Mu da muka yi dariya a layi? Muna gida muna jin labarin a rediyo, muna cewa Allah sarki, muna sa wani faifan.

Wani abin da nake ganin ya kamata a lura da shi shi ne, masoyin fim a ƙasar Hausa ɓoyayyen masoyi ne. Mafi yawanmu mata ne da yara, a cikin gida muke kallo, wata ma sai maigida ya fita. Ba mu da ƙungiya, ba mu da shugaban mazaɓa, ba mu cikin daliget. Maƙiyin fim kuwa yana da mumbari da lasifika. An ga haka ƙarara a 2016, lokacin da gwamnatin Buhari ta shirya gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, nan kudancin Kano kusa da mu. Malamai suka yi ta huɗuba a kai, cikin 'yan kwanaki aka janye maganar. Miliyoyin da ke kallon fim kullum ba a ji ɗuriyarsu ba.

'Yan fim sun karanta darasin Iyan-Tama, amma ta wata fuskar. Daga zaɓen 2011 zuwa gaba sai suka rungumi hanyar Mithun: maimakon su nemi ƙuri'a, sai su tara wa mai nema jama'a. Sani Danja ya yi wa Goodluck Jonathan kamfe, wasu suka bi Buhari, mawaƙa irin su Rarara suka zama ba a taron siyasa sai da su. A Legas dai Desmond Elliot ya ci kujerar majalisar jiha a Surulere a 2015 da ƙuri'ar jama'a. A Kano kuwa ta ƙofar naɗi aka fi shiga. Gwamna Abdullahi Ganduje, wanda ya hau a 2015, ya damƙa hukumar tacewa a hannun ɗan harkar, Isma'ila Na'abba Afakallah. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa jarumi Abba El-Mustapha a wannan kujera a 2023, ya kuma ba Sani Danja mai ba shi shawara kan matasa da wasanni a ƙarshen 2024. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya mai hedikwata a Jos.

Ba na ƙyashin kowa, kuma na san a cikinsu akwai wanda ya cancanci fiye da abin da aka ba shi. Sai dai kujerar da aka ba ka ba ɗaya take da wadda ka ci ba, mai bayarwa yana iya karɓewa ranar da ya ga dama, kuma wanda ke kanta ya san da haka. Sannan shigar 'yan fim siyasa ta wannan hanya ta raba gidansu gida-gida, wannan ɗan jar hula, wancan ɗan gwamnati, har ta kai wanda kuka yi shekara goma kuna fitowa a fim tare ba ya amsa sallamarka lokacin kamfe.

Dokar da aka ɗaure Iyan-Tama da ita kuwa ba ta je ko'ina ba don 'yan fim sun hau kujerar Rabo. A watan Agustan 2019, ɗan fim yana shugabancin hukumar, aka kama darakta Sunusi Oscar 442 aka tsare shi bisa zargin sakin bidiyon waƙa ba tare da an tace ba, magoya bayansa suka ce don yana Kwankwasiyya ne. A watan Mayun 2025, wani ɗan fim ɗin yana kan kujerar, hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa. Laifin da aka ambata shi ne sakin fim ba tare da an kawo shi an tace ba, wato ɗaya daga cikin tuhume-tuhume biyun da aka karanta wa Alhaji Hamisu a 2008.